Ranar da Na Ƙi Fassara Maganar Baba Saje

Ranar wata Asabar ce cikin watan Agusta na 2017, da hantsi, ina durƙushe ina goge tayil ɗin falo, Kawu Dauda ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Maƙwabcinmu ne a bene na uku a unguwar Al Khabaisi, can ƙasar Larabawa inda muke zaune, mutumin Zangon Kumasi, yana aiki a wani shagon kayan tarihi a bayan kasuwar Naif. Ya gaida Umma daga bakin ƙofa, ya cire takalmi, ya wuce wurin kakana ya durƙusa, sannan ya miƙa masa waya ya ce ga hoton wata tsohuwar bindigar soja, yana so Baba ya duba masa. Kakana ya karɓi wayar, ya kawo ta daf da fuska, ya gyaɗa kai kamar mai nazari, ya ce bindiga ba a gane ta a hoto, sai an riƙe ta a hannu. Ni kaɗai na lura cewa a juye ya riƙe wayar. Shekarata goma sha biyu a lokacin.

Baba Saje muke ce masa, domin da muƙamin saje ya bar soja, bayan ya shekara ashirin da wani abu yana kula da ɗakin makamai a bariki. Abba ne ya kawo shi daga gida don a cire masa yanar ido. Likita ya duba, an sa rana, ana jibi za a yi aikin kakana ya ce shi ba mai sa masa wuƙa a ido, kuma ganinsa ras yake. Abba ya yi lallashi har ya gaji, ya sa 'yan'uwa suka yi ta bugo waya, duk a banza. Bizarsa ta wata uku ce, wata biyu sun riga sun wuce.

Fulat ɗinmu ɗaki biyu ne da falo, a saman wani shagon taya. Da zafin nan ba mai fita sai dole, saboda haka duniyarmu ba ta wuce falo da baranda da dogon lungun da ke tsakanin ƙofofi ba. A lungun muke manna salatif a ƙasa mu yi 'yar gala-gala da 'ya'yan wani Bapakistane, har mai gadi ya hau ya kore mu. Aikina shi ne shara da goge-goge, da sauka bakala, wato kantin unguwa, sayen burodin kubus da madara, da kwashe shanya kafin rana ta mai da ita kamar fata. Umma na tuƙa tuwon semo da kukar da ake aiko mana daga gida ta jirgin kaya, ƙamshin daddawa ya cika benen har maƙwabta su yi ta tambaya. Baba Saje kuwa, da yake bai iya zama haka kawai ba, ya sa aka samo masa bokitin fenti biyu ya shuka yakuwa a baranda, kullum da safe yana shafa ganyen yana yi musu faɗa. Ya haddace yawan takun da ke tsakanin katifarsa da bayi, ya san inda kowace kujera take, shi ya sa manya ba su gane yadda idon ya lalace ba. Ni da nake wuni da shi na sani. Na sha ganin ya miƙa hannu zai ɗauki kofi ya damƙi iska, sai ya wayance da gyara hannun riga.

"Uwargida" yake kirana, irin wasan kaka da jika. Bayan azahar, idan ƙannena sun yi barci, sai ya ɗauki sandar goge ƙasa ya ɗora a cinya, ta zama bindiga, ni kuma na zama kurtu. A jikin sandar nan ya nuna mini inda kunama take, da sakatar da ake ja a tura harsashi, da gidan harsashi, da katakon gindi. Ya ce kowace bindiga tana fitowa daga masana'anta da lamba ɗaya a jikinta da sakatarta da gidan harsashinta, kuma bugun injin masana'anta yana da zurfi, haruffan a jere suke. In ta tsufa aka mai da ita wurin gyara, sai a canja abin da ya ci, a kankare tsohuwar lamba a rubuta sabuwa, a bi ta da baƙin fenti, a goge katako da samfefa har hatimin da ke kai ya dusashe. "Ki fara duba inda ya fi kyau," haka yake cewa, "nan aka taɓa." Na riƙe waɗannan abubuwa kamar yadda na riƙe hadda, ba don ina tsammanin za su yi mini amfani ba, sai don yadda muryarsa ke canjawa idan yana faɗarsu.

Abin da ya kawo Kawu Dauda shi ne, maigidansa, wani dattijo mutumin Yaman, ya samu tsofaffin bindigogi na ado, waɗanda aka toshe bakinsu ba sa harbi, da takardunsu. Wani mutum yana son ɗaya ya rataya a majalisinsa, wato falon baƙi, amma da sharaɗin ta zama yadda ta fito, ba a taɓa ta ba. Dattijon ya ce ba zai rubuta "asali" a kan abin da bai tabbatar ba. Shi kuwa Kawu Dauda ya bugi ƙirji ya ce yana da tsohon soja a benensu wanda ba ya kuskure.

Bayan la'asar muka fita. Baba Saje ya sa farin kaftaninsa, ya sa na goge masa takalmi sau biyu. An tafi da ni ne don in yi tafinta, tunda ina Larabci a makaranta, Larabcin Kawu Dauda kuma bai wuce na ciniki ba. Daga inda tasi ta sauke mu muka kutsa lungunan kasuwar Murshid Bazar, masu tura kaya suna ta "yalla, yalla", kwalaye jibge har saman kai, ana naɗe dila da salatif, Hausa na tashi ta ko'ina. Kakana ya dafa kafaɗata kamar don wasa, amma na ji nauyin hannun, na san ni ce idonsa.

Shagon ƙarami ne, cike da butocin gahawa da wuƙaƙe masu kube da tsofaffin akwatuna. Dattijon ya shimfiɗa ƙyalle a kan tebur, ya kwantar da bindigar. Da Baba Saje ya ɗora hannu a kanta sai na ga wani mutum daban. Bayansa ya miƙe. Ya ɗaga ta ya auna nauyinta, ya ja sakata ta yi ƙara, ya mayar, ya sake ja, ya sunsuni katakon, ya ce samfurin Mak Fo ce, irin wadda aka fara damƙa masa yana kurtu. Ya kawo ta kusa da fuska yana motsa leɓe kamar mai karanta lamba. Sannan ya ajiye ta a hankali ya ce, "Uwargida, faɗa masa asali ce. Ba wanda ya taɓa ta."

Ni kuwa tun da aka kwantar da ita idona yake kan sakatar. Lambar jikin bindigar tana da zurfi, amma fenti ya cika ramukan haruffan. Ta kan sakata siririya ce, a karkace, kamar an ja ta da allura, kuma wurin da take ya ɗan lotsa, ya fi ko'ina santsi. Katakon gaba ya fi na gindi haske. Hatimin da ke gindin saura kaɗan ya ɓace. Duk abin da ya koya mini da sandar goge ƙasa, ga shi kwance a gabana.

Dattijon ya zuba mini ido yana jira, alƙalami a hannu. Kalma ɗaya ce kawai zan faɗa, mu sha shayi mu koma gida, kakana ya yi kwanan farin ciki. Amma na san za a rubuta ta a takarda, wani ya ɗauka ya kai gidansa da sunan kakana a kai. Kuma na san in na yi shiru yau, zai koma gida da idon nan yadda ya zo da shi. Sai na ce a ƙasa-ƙasa, "Baba Saje, ba zan faɗa ba."

Ya juyo da fuskarsa wajena. "Me kika ce?"

"An taɓa ta. Kawo hannunka."

Ban jira izini ba, na kama yatsansa na ɗora a kan lotsawar nan. Fatar yatsunsa ta yi kauri da noman da ya koma bayan ritaya, sai da ya bi wurin da farce sau uku. Kawu Dauda ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Can Baba Saje ya ce in karanta masa abin da ke jiki, harafi-harafi, in faɗa masa yadda rubutun sakata yake, da launin katakon gaba da na baya. Na faɗa. Sannan ya ce in gaya wa dattijon gyararriya ce, an canja mata sakata da katakon gaba, amma gyaran soja ne mai kyau, ba na 'yan kasuwa ba. "Ki ƙara masa da cewa ba ni na gani ba, ke kika gani." Na fassara duka, har da na ƙarshen. Dattijon ya dafa ƙirji ya ce khalas, wato shi ke nan, ya rubuta, ya sa aka kawo shayi. Kakana bai sha ba.

A tasi ya kau da fuska gefen taga har gida. Kwana biyu bai kira ni Uwargida ba, bai taɓa sandar ba, in na kai masa abinci sai ya ce a ajiye. Da Umma ta ji labari daga matar Kawu Dauda, ta ja ni kicin ta ce ba a kunyata babba a gaban baƙi, ko da kana da gaskiya, in je in ba shi haƙuri. Na je na durƙusa na ce ya yafe mini yadda na yi maganar a gaban mutane. Ban ce na yi kuskure ba, domin ban yi ba, shi ma bai nemi in ce haka ba. Na yi kuka a bayi, na wanke fuska, na ci gaba da kai masa abinci ina zama kusa da shi ko bai kula ni ba.

A rana ta uku da safe, Abba na ɗaura takalmi zai tafi aiki, Baba Saje ya kira shi da sunansa na yanka ya ce ya nemi likitan nan a sa wata ranar. Abba ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu, bai tambayi dalili ba, ya ce to. An yi ido ɗaya cikin makon, ɗayan bayan mako biyu. Ranar da aka cire bandejin farko ina tsaye a gefen gado. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce ashe na yi tsawo haka, shi duk zatonsa ina nan yadda ya san ni a gida shekara huɗu baya. Ya sa aka mai da shi shagon don ya ga bindigar da idonsa, muka tarar an sayar da ita. Mai sharaɗin ya fasa, wani ne ya ɗauka da sanin gyararriya ce. Baba Saje ya tafi gida saura kwana huɗu bizarsa ta ƙare, shi ya riƙa karanta allunan filin jirgi da ƙarfi har Abba ya ji kunya.

Ya rasu a shekarar da aka rufe hanyoyin jiragen sama saboda annoba, ba mu samu zuwa jana'iza ba. Shekara guda bayan nan muka tattaro muka dawo Kaduna. Yanzu gidanmu yana da tsakar gida mai faɗi da bishiyar mangwaro, kowa da ɗakinsa, amma da rana tsit yake, kowa na kan wayarsa. A can mu shida ne cikin ɗaki biyu, in wani ya yi tari kowa ya ji, in wani ya yi fushi ba inda za a ɓuya. Na girma, na sha faɗa wa manya abin da ba su so ji ba, a makaranta da wurin aiki. Wasu sun yi murmushi suka share, wasu sun riƙe ni da shi har yau. Ban sake samun wanda ya yi fushi da ni kwana biyu, a na uku ya bi maganata ba.