Masta Sumaila da Takalma Bakwai na Yendi

Da an sallame sallar asuba a Salaga, Masta Sumaila ba ya komawa gida. Yakan tuɓe silifas ɗinsa a gindin kukar da ke bayan makarantar sakandare, ya naɗe ƙafar wando, ya kama 'yar hanyar da ta ratsa gonakin doya. Ba gudu yake yi ba, gwiwarsa ta daɗe da ƙin gudu. Takawa yake a hankali, tafin ƙafarsa na laluben ƙasa. In ƙaya ta soke shi, sai ya tsuguna ya cire ta ya wurga daji. In ya taka fasasshiyar kwalba, ya sa a aljihu. Sai ya gama zagayen nan kaf, sannan ya busa usur, 'yan matansa su fito.

Shekara ashirin da shida ke nan yana horar da 'yan matan makarantar tseren ratsa daji. Yawancinsu ba takalmi suke gudu, don haka duk abin da zai soki ƙafarsu ya fi son ya fara sokar tasa. Doka ɗaya gare shi, kuma kowace yarinya ta haddace ta kafin ta haddace sunayen malamanta: abin da ƙafarki ba ta saba da shi ba, kada ki kai shi filin gasa.

Madam Ayishetu, mai kula da ɗakin kwanan 'yan mata, ta ba ni labarin yadda yake bin zango, unguwar Hausawa, gida gida yana lallashin iyaye. Shi ya kai wa tela yadi aka ɗinka dogayen wanduna da ƙananan hijabai, don kada wani uba ya sami abin cewa. Fauziya, wadda yanzu take aikin jinya a Yendi, ta ce ba ta taɓa ganin babur ɗinsa kusa da ta gaba ba. Kullum yana bayan ta ƙarshe, yana tsokanarta wai ko kunkuru ne ya haife ta, har sai ta yi dariya ta ƙara sauri. Da dalilinsa. A wannan tsere, matsayin 'yan mata biyar na farko daga kowace makaranta ake haɗawa, wadda jimlarta ta fi ƙanƙanta ita ce kan gaba. Ta biyar ɗin nan tana iya ɗaga makaranta, tana iya kayar da ita.

Bana ce shekararsa ta ƙarshe kafin ritaya, kuma bana ce Allah ya ba shi 'yan matan da ya daɗe yana jira. Sun cinye zagayen farko a gida. Saura na Yendi, inda makarantu biyu kacal za su wuce zuwa gasar ƙasa, wurin da Masta bai taɓa kai ko yarinya ɗaya ba.

Ana gobe tsere, da safe, ya taka hanyar Yendi da ƙafarsa kamar yadda ya saba. Jar ƙasa ce mai laushi, tsakuwa a wuri ɗaya kawai. Ya dawo masauki fuskarsa a sake, ya ce wa Madam wannan hanya kamar don ƙafafun 'ya'yansa aka shimfiɗa ta.

Bayan la'asar sai ga mota daga Bawku. Alhaji Zibrim ne, mai fataucin hatsi, wanda 'yarsa Nusrat ta yi gudu a hannun Masta shekaru goma da suka wuce. Dattijon bai manta ba. Ya buɗe kwali a gaban shugaban makaranta da jama'a: takalman gudu sababbi fil, ƙafa bakwai daidai yawan 'yan tseren, daga tsallaken iyaka. Ya ce gobe zai tsaya a bakin layin ƙarshe da kansa ya ga 'ya'yansa sun shigo da su.

'Yan matan suka rufa a kan kwalin. Wata na sunsuna robar, wata na gwada na wata. Masta ya san abin da sabon takalmi ke yi wa diddigen da bai san takalmi ba. Ya buɗe baki. Kausara, 'yar ƙaramarsu, wadda kullum ita ce ta biyar, ta riga shi.

"Masta, don Allah yau dai kada ka ce a'a. Bara 'yan Tamale sun ce mu kaji ne, ƙafarmu a waje."

Ya dube ta. Ya dubi furfurar Alhaji da doguwar hanyar da ya sha. Wa ke mayar wa dattijo kyautarsa a bainar jama'a? Ya haɗiye maganarsa, ya ce su sa.

Kilomita shida ne tseren. A biyun farko 'yan Salaga na gaba, takalmansu na walƙiya, Alhaji na ɗaga carbi yana murna. Masta ya tsaya a kilomita na huɗu, gindin wata ɗorawa. Tun daga nesa ya ga tafiyar Sumaiya, gwanarsu, ta canja. Tana dangana ƙafa kamar mai taka garwashi. Mutumin da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba ya shiga ihu.

"Ku cire! Ku cire su ku yar!"

Igiyoyin an ƙulle su tamau, da ƙyar suka kwantu. Huɗun gaba suka yar da nasu a gefen hanya suka ruga. Kausara ta cire, amma ba ta yar ba. Ta rungume su a ƙirji, diddigenta na zubar da jini a jar ƙasa, tana gudu ba hannun da za ta wurga. A gangaren ƙarshe, 'yan mata uku suka wuce ta.

Da aka haɗa lissafi, Salaga ta zo ta uku. Maki biyu suka raba ta da gasar ƙasa.

Alhaji Zibrim ya ga ƙafafun, ya gane. Masta ya riƙe hannunsa ya ce takalman ba su da laifi, masu kyau ne, shi ne mai horarwar da ya san doka ya karya ta. Haka ya faɗa wa shugaban makaranta, haka ya faɗa wa iyaye, bai ƙara ko kalma ba. Sannan ya nemi ruwan ɗumi da gishiri, ya durƙusa da gwiwarsa mai ciwo yana wanke ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan Kausara, ya tambaye ta a hankali me ya hana ta yarwa.

"In na yar wani zai ɗauke, Masta. 'Yan baɗi fa, me za su sa?"

Madam Ayishetu ta ce a nan ya juya musu baya, kafaɗarsa na rawa.

Masta, kai ne mai share hanya. Kai ne ka sha ƙayar shekara ashirin da shida ba wanda ya tafa maka. Rana ɗaya tausayi ya rinjayi saninka, kuma ka ɗauki nauyin kai kaɗai, ba ka ɗora shi a kan dattijo ko yarinya ba. Na san har yau kana lissafa makin nan biyu. Mu da muka ga abin da ka yi, ba su muke lissafawa ba. Mun gode. Allah ya saka maka, ya sassauta maka gwiwar nan.

Ku malamai, ku masu zango, in an damƙa muku 'ya'yan mutane, ku fara taka hanyar kafin ku tura su.

Watan jiya Masta ya miƙa usur ga sabon malami. Takalman kuwa, an koma an tsinto su duka, yanzu suna ƙafafun 'yan aji ɗaya, suna zuwa rijiya da su, suna zuwa aji, don su yi laushi kafin baɗi. Ba shi zai kai su Yendi ba. Amma jiya da sassafe na bi ta bayan makarantar, na ga silifas ɗinsa a gindin kuka.