Moton da Ruwa Ya Maido

Ranar wata Talata ce a ƙarshen damina, shekarar da nake aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko. Na taso da rana, na kifa jakar littattafai a kai saboda yayyafi, na iske amalanken jaki tsaye a ƙofar gidanmu a Malanville, wasu Sarkawa masu kamun kifi suna sauke wani abu mai nauyi da ya sha laka. Sai da suka tsai da shi bisa tayoyinsa na gane moton Babanmu ne, wato babur ɗinsa. Ciyawar ruwa ta nannaɗe masa ƙafafu, madubi ɗaya ya tafi, kujerar ta kumbura ta tsage. Da suka karkata shi za su shigar da shi zaure, jan ruwa ya tsiyayo daga bututun hayaƙi, har da wani ɗan mataccen kifi. Babban cikinsu ya goge hannu a riga, ya sunkuyar da kai, ya ce da Dandanci, "Wannan kaɗai ruwa ya ba mu." Suka juya jakinsu suka tafi.

Babanmu mai gyaran injin ban-ruwa ne. Duk manomin albasa ko shinkafa da famfonsa ya tsaya, daga ƙauyen Tumbutu har Madekali, shi ake aika wa. Don haka ya sayi wannan moto mai dogayen ƙafafu da tayoyi masu haƙora, irin wanda ke ratsa yashi da taɓo, injinsa mai bugu biyu, mai shan fetur gauraye da baƙin mai. A wannan damina aka kira shi Madekali. Rafin da ke kan hanya ya cika ya batse, sai an sa mutum da abin hawansa a jirgin ruwa. A tsakiyar rafi jirgin ya kife. Kowa ya fita da iyo, ban da shi. Mai jirgin ya rantse cewa ganinsa na ƙarshe da Baba, hannunsa na riƙe da ƙahon moton, inda ake riƙewa a tuƙa. Sarkawa suka yi ta nema har bakin Kwara, ba su sami ko hularsa ba.

Kafin nan, da kukan moton nan muke auna yamma a gidanmu. Babu irinsa a unguwa, domin Baba da hannunsa ya ƙera masa bututun hayaƙi, ya yanko farantin ƙarfe ya naɗe shi, tsakiyar ta yi ciki kamar gora, ƙarshen ya tsuke. Kukansa siriri ne mai kaifi, ya ɗaga sama ya sauko yana tari. Muna tsakar gida muna 'yar carafke da ƙwallayen giginya, ko ina taya Inna tankaɗe, ko muna tsince tsakuwa a shinkafa, sai mu jiyo shi tun daga wajen kasuwar albasa. Ni da ƙanena Isufu mu watsar da komai mu yi tsere zuwa zaure. Kaka, wato mahaifiyar Baba, wadda idonta ya fara rufewa, ta lallaba ta cika ƙwarya da ruwan randa. Baba ya shigo yana warin hayaƙi da rana, ya ɗaga Isufu sama, ni kuma ya miƙo mini ƙullin ɗinya ko busasshen kifi da manoma suka ba shi.

Bayan da aka maido moton, gidan ya shiga wani hali da ba shi da suna. Malaman unguwa suka zo suka ce a yi haƙuri, a yi masa addu'a, a fitar da sadaka. Kaka ta ce atafau. "Wa yag ga gawa?" in ji ta. "Ɗana a bakin gulbi yat tashi. Ruwa ya kai shi ƙasa ne, can wajen Yawuri. Shina tahe." Ba wanda ya iya musa mata. Inna ta zauna tsakani, ba ta shiga takaba ba, ba ta kuma sake sa lalle ba. Mu yara aka hana mu gaɗa a ƙofar gida, amma ba a ce mana mu marayu ne ba. Moton kuwa yana jingine a zaure, laka ta bushe a jikinsa, kaji suna hawa suna kwana a kai. Duk wanda zai fita sai ya raɓa shi. Ni nakan kau da kai in wuce da sauri, don a ganina wanda ke riƙe da ƙahonsa bai gama saki ba.

Da rani ya kama, aka fara haƙar albasa, ƙanen Baba, Baffa Sanda, ya ce zai tada moton. Shi ne yanzu ke ɗauke da gida biyu, manoma kuma suna ta aiko masa saboda ya ɗan koyi gyara a hannun wansa, amma babu ƙafar zuwa. Kaka ta yarda nan take. Ta ce gara mai abu ya dawo ya iske abinsa da rai.

Ƙarƙashin bishiyar dalbejiya Baffa ya shimfiɗa buhu ya kwance injin. Aikina, in na dawo daga lakwal na gama wanke-wanke, shi ne in zauna da tsohon kwano da kananzir da tsinken tsintsiya ina wanke duk abin da ya miƙo mini, in jera su yadda suka fito. Cikin injin duk yashi ne da 'yan ƙananan katantanwa. Fistan ya manne da tukunyarsa saboda tsatsa, kamar an haife su tare. Baffa ya zuba musu kananzir da baƙin mai ya bar su suna jiƙa, kullum ya ɗora guntun itace ya ɗan buga da guduma, a hankali, yana cewa, "Ƙarhe ma lallashi shikai so." Har ran da ya motsa. Ya haye gadar Kwara zuwa Gaya ya sayo sabon fistan da zobbansa, da buji mai ba injin wuta, da rulma, waɗannan 'yan ƙwallayen ƙarfe da ke sa abu ya juya sumul. Karbireta kuwa, inda fetur ke gamuwa da iska, ni na tsokace 'yan ramukanta da silin waya, saboda idona ya fi nasa. Ya yanka kwalin sukari ya yi shimfiɗar da ke shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Wayoyin wuta muka shanya bisa rufin madafa, kusa da kuɓewar Inna.

Wata la'asar yana goge cikin tukunyar injin sai na ga ya tsaya. Ya ce, "Ramatu, kawo hannunki." Ya kama yatsana ya zura shi ciki, ya bi da shi bakin wata 'yar taga da hayaƙi ke fita. Na ji wurin yana da zane-zane ƙanana, a jere, duk sun karkata gefe guda. Ya ce Baba ne ya faɗaɗa tagar da magagari don injin ya ƙara numfashi, kuma karkatar nan ta bahago ce. Baba bahago ne. Ruwa ya ci fenti, ya ci kujera, amma bai taɓa wannan ba. Na janye hannuna na sa a baki kamar na ƙone, ɗacin kananzir ya cika mini harshe. Baffa ya juya mini baya ya daɗe yana neman wata sifana da ke gabansa.

Ran da za a tada shi Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci. Ya auna fetur da baƙin mai a kwalba ya girgiza, ya zuba. Ya taka ya taka, shiru, sai atishawa. Ya cire buji ya hura, ya mayar. Ya sake takawa. Sai kukan nan ya tashi, shi ɗin dai, siriri mai kaifi, bai rage komai ba, shuɗin hayaƙi ya cika tsakar gida. Isufu yana bayan gida yana ba akuya dusa. Ya sheƙo a guje yana ihu, "Baba ya zaka! Baba ya zaka!" ya wuce mu ya nufi zaure, ya leƙa titi, ya dawo yana duban fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. Inna na tsaye da taɓarya a bakin turmi. Ba ta yi kuka ba. Ta dai sulale ta zauna a ƙasa, taɓaryar a cinyarta. Kaka ta fito daga ɗaki da ƙwaryar ruwa, tana murmushi, ruwan na zuba a hannunta.

Haka muka rayu har aka gama kwasar albasa. Kowace yamma Baffa zai dawo daga ƙauye, mu jiyo shi tun daga kasuwa. Na san shi ne, na ga fitarsa da safe, amma ƙafafuna ba su sani ba. Sai in tsinci kaina a zaure ina haki. Kaka kullum ta fito da ruwa, kullum Baffa ya durƙusa ya karɓa ya sha, ta shafa fuskarsa da tafin hannu, ta koma ɗaki. Har maƙwabta suka fara magana. Wata tsohuwa mai sai da ƙosai ta ce ita in ta ji shi sai ta yi salati. Inna ta rame. Ta koma yin daka tun da rana tsaka, don kafin lokacin ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

Wata safiya ina shara, na ji ta tare Baffa a bakin zaure. Tunda nake ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Sanda, don Allah. Kullum shina mutuwa sabo." Baffa ya tsaya da makulli a hannu. Bai fita aiki ba ran nan. Ya kwance bututun da Baba ya ƙera, ya tafi kasuwa ya dawo da irin na kanti, baƙi, mai toshe ƙara. Ya ɗaura, ya ɗan murɗa karbireta don ta dace da shi. Da ya tada injin, wani kuka ne daban, kamar na kowane moto a titi, ƙarfinsa ma ya ragu. Na ji haushin Baffa ranar, haushin da na kasa faɗa wa kowa. Na ƙi cin tuwo.

Da yamma ya ɗan zaga gari ya dawo. Kaka tana zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta. Moton ya shigo har tsakar gida ya mutu, ba ta motsa ba. Ta ce, "Wane ne?" Baffa ya ce, "Ni ne, Inna. Sanda." Ta karkata kai tana saurare, ta daɗe, kamar akwai wani a bayansa da bai ƙaraso ba. Sannan ta ce a kawo mata bututun. Na ɗauko na aza mata a cinya. Ta bi shi da hannu tun daga baki har wutsiya, ta shinshina shi, baƙar toka ta ɓata mata zane. Ta ce, "Gobe ku kira malamai. A jiƙa gero." Washegari aka yi sadaka, Inna ta shiga takaba, a karo na farko aka yi kuka a gidanmu da babbar murya. Bututun, Kaka ta naɗe shi da farin ƙyalle ta sa ƙarƙashin gadonta, yana nan har ta rasu.

Yanzu irin waɗannan injuna sun ƙare a Malanville. Baburan yau ba a gauraya musu mai, ba su hayaƙi, muryarsu duk ɗaya, mai gyara ba ya lallashin ƙarfe, sai ya cire ya yar ya sa sabo. 'Ya'yana ba su san dawowar ubansu ba sai ya yi sallama. An kuma yi gada a kan rafin nan. In muna zuwa Madekali biki, matan da ke cikin mota suna ta hira, ba wadda ta san mun haye. Ni kaɗai nake leƙa ruwan in yi masa addu'a cikin raina, da sauri, kafin gadar ta ƙare. Wanda ba shi da kabari, duk inda ruwa ya bi nan ne ake gaishe shi.