Babur ɗin da ba ya tashi sai da Baba

Shekarun baya, ban daɗe da yin aure ba, yayana ya ce za a fasa soron gidanmu na Fagge a mai da shi shago. Ba wanda ya yi musu. Matsalar ɗaya ce, babur ɗin mahaifinmu yana ciki, irin na da ɗin nan mai jan tanki da doguwar kujera, jingine da bango tun rasuwarsa, an rufe shi da tsohuwar tabarma. Yayana ya ce magina za su zo nan da sati uku. In babur ya fita da ƙafarsa, nawa ne. In bai tashi ba, 'yan gwangwan su zo su kwashe.

A gidanmu kowa ya san babur ɗin nan ba ya tashi sai da Baba. Gyaran sikeli yake yi a Kasuwar Singa, kuma kullum da safe tsarinsa ɗaya ne: ya hau, ya yi bisimilla, ya mai da hannun hagu baya ya tattara babbar rigarsa don kada taya ta kama, sannan ya buga kik sau ɗaya, inji ya ɗauka. Ni kuwa ina da shekara goma sha shida na sace shi na fita yawo, na zube a wajen Tashar Jirgin Ƙasa, aka kawo ni gida da karaya a ƙafa. Bayan na warke na sha gwada sake sace shi. Sai in buga kik har gumi ya jiƙa ni, ko tari bai taɓa yi mini ba.

Da na ce wa mahaifiyata ni zan gyara shi, sai ta dube ni ta ce, “Kai? To ka kira ɗana mana.”

Ɗan nata shi ne abokina. Iyayensa mutanen Kudu ne da suka daɗe a Sabon Gari, tare muka yi Islamiyya, Hausarsa ta fi tawa ƙwari. Wayarin mota da na babur yake yi, kuma ya iya. Tun muna yara haushinsa nake ji a kan abu ɗaya. Duk ranar da Baba zai kwance wani abu a babur, shi yake miƙa wa sifana, ya ce hannun yaron nan akwai albarka. Ni sai dai a ce, “Kai matsa, ka tare mana haske.” Ina son abokina, amma wallahi maganar nan ta zauna mini a ƙirji shekara da shekaru.

Na ce wa mahaifiyata ba sai an dame shi ba. A raina na ce babur ɗin ubana ne, ko sau ɗaya a rayuwa zan yi abin da ba da hannunsa ba.

Ni fa aikina buga takardu ne a wani shago a Titin Ibrahim Taiwo, sifana ko lambobinta ban sani ba. Haka na duƙufa. Na cire tanki na zuba masa tsakuwa da kananzir, ina girgizawa kamar mai wankin shinkafa, har tsatsa ta fita. Na kwance kafireta na wanke, ragowar ƙusa biyu suka rage a hannuna, na sake kwancewa. Na sa sabon fulogi, sabon batir, na canza baƙin mai. Kayan duk a Sabon Gari nake sayowa, amma sai in zagaya ta bayan layi don kada in bi ta gaban garejin abokina.

Wayarin ne ya kusa haukata ni. Baba bai san wata waya mai launi-launi ba, ƙunshi ɗaya ya saya ja, da ita ya yi komai. Ƙulli yake yi a bakin kowace don ya gane ta: ɗaya na fitila, biyu na hon, uku na wutar inji. Ɓera ya ci wasu, wasu sun bushe suna karyewa. Na riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya, in cire tsohuwa in sa sabuwa a gurbinta. Guda ɗaya ce ta gagare ni, mai ƙulli uku. Ta shige cikin bututun ƙarfen da kujera take zaune a kai, ta fito ta ɗaya gefen, na ja na ja ta ƙi zuwa. Na ce ke kika sani, na haɗa sababbi a bakinta biyu na naɗe da salatif.

Fitila ta kama. Hon ya yi ƙara har kajin maƙwabta suka watse. Ranar nan da fara'a na koma gida, matata ta ce ko albashi aka ƙara mini.

Inji kuwa shiru. Kwana huɗu ina buga kik. In cire fulogi in jingina shi da jikin inji in buga, babu ko ɗigon wuta. Na canza kwayil, shiru. Ƙafar da na taɓa karyawa ta fara ciwo. Ranar Alhamis magina suka sauke yashi a ƙofar gida, wani ɗan gwangwan har ya leƙo yana ƙwanƙwasa tanki da ɗan yatsa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina tsugune a soro sai na ji sallamar abokina. Mahaifiyata ce ta aika masa ba da sanina ba. Na amsa ciki-ciki.

Ya zagaya babur ɗin yana duba wayoyin, ya ce, “Kai ka yi wannan? Mutumina, aikin nan ya yi kyau.”

Yabon ma haushi ya ba ni. Na ce, “In ka zo gyara ne, ga sifana nan. Ai dama kai ake miƙa wa.”

Bai karɓa ba. Ya ce, “Ba abin da ya lalace. Hau.”

Na hau ina hura hanci. Ya ce in mai da hannun hagu baya, ƙarƙashin kujera. Akwai wata robar tsohon tif na taya da aka naɗe a jikin ƙarfen, wadda na ɗauka don kada kujera ta goge fenti aka sa ta. Har wanke ta na yi da sabulu. Ya ce in danna tsakiyarta. Na danna, na ji wani abu ya yi ƙas a ciki.

“To yi bisimilla ka buga.”

Sau ɗaya na buga. Injin ya yi tari biyu ya ɗauka, bututun salansa ya cika soro da hayaƙi, da wannan ƙarar mai nauyi da ke tashinmu kowace safiya muna yara. Mahaifiyata ta fito da ludayi a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa ta kai gefen mayafi ido.

Ni kuwa maimakon murna, sai haushi ya kama ni. Ashe duk tattara rigar nan da Baba yake yi, makunni yake dannawa. Kuma a duk duniya abokin nan nawa kaɗai Baba ya nuna wa, ba ni ba. Na kashe injin na ce, “Wato har maganin ɓarayin ma kai ya faɗa wa. Ni ɗan cikinsa ban isa ba.”

Ya ce, “Wane ɓarayi? Kai aka yi wa shi.”

Ya ce ranar da aka ɗora mini ƙafa, ina ɗaki ina ihu, Baba ya kira shi soro ya riƙe masa waya don su haɗa makunnin nan. Hannun Baba rawa yake yi, sau uku yana ƙulla wayar tana kuɓuce masa. Baba ya ce masa, “Yaron nan ba zai daina ba, na san halinsa, irin nawa ne. Ban iya sayar da babur, kuma ban iya rasa ɗana. Ka yi mini alkawari ba za ka faɗa masa ba.”

Na ce, “Shekara goma sha biyar kana kallona?”

Ya ce, “Alkawari ne. Da ka zo garejina tun satin farko da na san yadda zan yi, amma ina hango ka kana zagayawa ta bayan layi.”

Washegari magina suka fasa soro, ni kuma na fita da babur da ƙafarsa.

Na so in ce muku daga ranar kishin ya tafi, amma ƙarya zan yi. Ya dai canza wuri. Da ina jin haushin sifanar da ake miƙa masa. Yanzu abin da nake ƙyashi shi ne shi ya ga hannun Baba yana rawa saboda ni, ni ban gani ba, ina can ɗaki ina tunanin ko leƙo ni bai yi ba.

Abokina ya sha cewa in kawo ya cire makunnin, minti biyar ne. Na ƙi. Har yau in zan fita sai na mai da hannun hagu baya, kuma robar ta lotsa daidai inda babban yatsan Baba yake zama.