Geumrye Ba Ta Karɓar Kyauta

Pyo Geumrye ba ta karɓar komai kyauta, kuma ba ta taɓa ɓoye wannan hali ba, da shi ma take tinƙaho. Ka miƙa mata ƙwai biyu da safe, kafin yamma za ka tarar da kwanon kimchi, haɗin kabeji mai yaji, a ƙofarka. In aka rage mata hanya a mota, sai ta cusa kuɗi a ƙarƙashin kujera ta sauka. Mutanen ƙauyen Baemsil sun daɗe da daina yi mata alheri, don alherin yakan zame musu wahala.

Wadda ba ta samu damar dainawa ba ita ce faccalarta, Bang Malsuk, matar ƙanen mijinta, wadda ake kira maman Dongpil. Tun suna amare katanga ɗaya ce ta raba gidajensu. Tare suka yi goyo, tare suka binne mazajensu, kuma a duk tsawon shekarun nan Malsuk ba ta taɓa ba ta cokalin gishiri ba tare da an dawo mata da cokalin sukari ba.

Abin da Geumrye ta mallaka a duniya gona ce a jikin tudu, cike da itatuwan gam, wasu jajayen 'ya'yan itace da ake ferewa da kaka a rataye a rumfa su bushe. Da su ta sa 'ya'yanta uku a makaranta har suka watse Seoul da Busan. A can saman gonar aka binne mijinta Seokgu, aka bar fili a gefensa, nata.

Sai aka yi sabon titi ta gindin tudun. Filayen wurin suka yi daraja, haraji ya tashi ya ninka. Geumrye ta ce ita ba ta ƙara itace ko ɗaya ba, kuma ba ta roƙi kowa titi ba. Duk shekara takan ɗauki daidai abin da Seokgu ya saba biya ta kai ofishin haraji, su ce bai cika ba, ta ce nan ta tsaya. Titin kuwa ko taka shi ba ta yi, ta cikin gonakin shinkafa take zagawa. Ragowar ya yi ta taruwa, tara na hawa kansa, har ranar da aka sa wa gonar takunkumi: ba sayarwa, ba jingina, in kuma ba a biya ba sai gwanjo. Gwanjon har da saman tudu.

Malsuk ta same ta a rumfa tana wasa wuƙar fira.

"Yaya, akwai wata lauya da ke zuwa ɗakin taron tsofaffi duk wata. Mu je ta duba miki."

"Nawa take karɓa?"

Malsuk ta san amsar ce za ta ɓata komai, amma ba ta iya ƙarya da sauri ba. "Ba ta karɓa. Kyauta ne."

"To je ki, maman Dongpil. Ke da ko tari aka ce kyauta ne sai kin shiga layi."

"Gonar za su ɗauke, Yaya! Da mijinki a ciki!"

"Su ɗauke shi. Su ji irin minsharin da na sha."

Haka aka yi ta yi. Malsuk ta buga wa babban ɗan Geumrye waya a ɓoye, ya aiko da kuɗi, uwar ta mayar masa da su a cikin kwalin busasshen gam. Shugaban ƙauye ya zo da kansa, aka cika shi da abinci aka sallame shi. Geumrye ta yarda ta nemi lauyan kuɗi a birni, da ta ji farashin ta ce ɓarawo ne, ta dawo. Na kyauta ba ta so, na kuɗi ba ta iyawa. Malsuk kan koma gida ta zazzaga wa karenta masifa, don shi kaɗai ne ke sauraronta har ƙarshe.

Da kaka ta shigo, Malsuk ta je wurin lauyar ita kaɗai. Sunanta Lauya Eom, mace ce mai matsakaicin shekaru, da tabarau da gajiya a fuska. Ta ce ba za ta iya taɓa komai ba sai mai gonar ta zo da kanta. Cikin hira ta ambaci cewa mahaifiyarta tana kwarin da ke bayan tudu, ita ma da itatuwan gam, ga ciwon hannu, bana ba a san wanda zai fere mata ba.

Malsuk ta ɗauki jakarta ta kama hanyar gida.

A Baemsil ba a biyan maƙwabci kuɗin aiki. Yau a rumfata, gobe a taki, yini da yini, ba wanda ya yi wa wani alfarma. Wannan kaɗai ne taimakon da Geumrye ta taɓa yarda da shi.

"Yaya, uwar lauyar nan hannunta ya ƙi. Gam ɗinta na nan na ruɓewa."

"Ina 'yar tata?"

"Ta iya riƙe wuƙa ne? Biro ta sani. Na ce da za a samu mai fere wa uwar, ita kuma 'yar ta rama da nata aikin..."

Geumrye ta ɗaga kai ta dube ta. "Ita ta ce haka?"

"Kusan haka ta ce."

Washegari Geumrye ta haura tudu da wuƙarta da ƙunshin abincinta, don ba za ta ci na mutane ba. Kwana da kwanaki tana fira a gidan matar da ba ta taɓa gani ba. Ranar da Lauya Eom ta zo duba mahaifiyarta ta tarar da rumfa ta yi ja daga sama har ƙasa, sai da ta cire tabarau.

"Inna, ba a yin haka! Aikina ba a biya, doka ce. So kike a kore ni?"

"Wa ya biya ki? Uwarki na yi wa. Yanzu saura naki. Kawo kujera."

Lauyar ta juya ta harari Malsuk, Malsuk ta duƙa tana gyara igiyar takalmin da ba shi da igiya.

Da aka zauna aka bincika, sai ga abin takaici. Tun rasuwar Seokgu, Geumrye ba ta mayar da gonar sunanta ba, ba ta kuma yi rajistar cewa noma ake yi a wurin ba. Shi ya sa aka lissafa mata harajin filin gini. Da ta zo tun farko, in ji lauyar, ƙorafi ɗaya ya isa. Yanzu lokacin ƙorafin shekarun baya ya wuce.

"Tun farko?" Malsuk ta miƙe tsaye. "Tun farko nake jan wannan matar kamar akuyar da ta ga mahauci! Yaya, kin ji? Kin ji da kunnenki?"

"Na ji. Zauna, kina tare mini haske."

Lauya Eom ta yi abin da ya rage a yi. Ta gyara takardun gado, ta sa aka mayar da gonar lissafin noma daga bana, ta yi ta zirga-zirga ofishin har aka dakatar da gwanjon, aka yarda a sayar da wani yanki a biya. Amma yankin da zai biya shi ne na ƙasa, mai bakin titi, inda tsofaffin itatuwan suke, waɗanda Seokgu ya dasa a shekarar aurensu. Wani mai gidan shan shayi daga birni ya saya, ya sare su, ya shimfiɗa wurin ajiye motoci. Aka ɗage takunkumin. Saman tudu ya tsira, da kabarin da filin gefensa.

Geumrye ba ta yi kuka ba, ba ta kuma gode wa kowa ba. Abin da ya dame ta daban ne. Yanzu ba a isa saman tudu sai an ratsa filin mai shayi. Mutumin kirki ne, ya rusuna ya ce, "Inna, hanya taki ce, ki wuce duk sanda kike so, ba sai kin biya ko won ɗaya ba." Malsuk na jin haka ta dafe kai. Daga ranar, duk hawan da Geumrye za ta yi sai ta ajiye masa gam ko kabeji a ƙofa, har ya fara ɓuya in ya hango ta.

Da sanyin bara ya kwantar da ita, likita ya faɗa mata abin da ya faɗa, ta ce a kai ta ɗakin taron tsofaffi. Malsuk ce ta tura ta a keken guragu na aro, wanda Geumrye ta riga ta biya da man riɗi. Maza na buga kati, mata na kan tabarmar ɗumi. Ta bubbuga sandarta a ƙasa har aka yi shiru.

"Waɗanda za su ɗauke ni, a ba su abinci da giya kafin su ɗauka, ba bayan sun sauko ba. Maman Dongpil, kin ji?"

"Na ji, Yaya. Ko a nan ma sai kin ba ni aiki."

"Aikinki na biya, tulunan miyata duka naki ne. Saura ɗaya. Akwai kwando a rumfa, na cika shi da gam mafi kyau. In kun iso filin mai shayi, ku sauke ni a ƙasa, ku miƙa masa a hannunsa, ku ga ya karɓa. Sannan ku wuce da ni."