Lumturi da Farar Motar Otal

Duk wanda ya tashi a unguwar tashar jirgin ƙasa ta garin Elbasan ya ci burek ɗin Lumturi, wato gasasshen ƙullu mai cuku ko alayyahu a ciki, da zafinsa a cikin takarda. Tun tana amarya take murza ƙullu a ɗan shagonta. Mace ce gajera mai kaurin hannu, ba ta da yawan magana, kuma ba ta taɓa haihuwa ba. Ɗan 'yar'uwarta marigayiya, Bujar, shi ta riƙe tun yana rarrafe, da kuɗin burek ta kai shi har ya karanta shari'a a Tirana, babban birnin ƙasar.

Mijinta Astrit makaniki ne, mutumin kirki kafin ɗakunan caca su cika unguwa. Sai da ta kai tsakanin kantin magani da makaranta akwai guda uku. Astrit ya fara da leƙe, ya koma wuni. Ranar da ta ji ya sayar da gonar zaitun ta mahaifinsa, a bakin maƙwabciya ta ji.

A wannan shekarar Bujar ya dawo da kwat da jaka. Ya zauna a shago yana cin burek yana kallonta. Teta yake kiranta, wato inna.

"Teta, kuka a bayan tanda ba ya rufe gidan caca. Mu tara mata mu tafi Tirana. Ke za ki yi magana."

"Ni? Me na iya ban da ƙullu?"

"Shi ya sa za a yarda da ke."

Ta yarda. Bujar ya kawo manyan motoci, ya kawo tutoci da ruwan sha, ba wadda ta tambaya daga ina. A gaban majalisa aka sa mata abin magana a baki, ta faɗi sunan mijinta da abin da ya yi, ƙasa duka tana kallo a talabijin. Astrit ya yi damina guda bai ce mata uffan ba. 'Yan'uwansa suka daina gaishe ta. Ta haɗiye, domin doka ta fito, an garƙame ɗakunan caca na cikin unguwanni. Ɗaya ya zama shagon aski, ɗaya na sayar da takalma. Sannu a hankali Astrit ya dawo hayyacinsa, har yana ɗauko mata buhun fulawa yana tsokanarta da "Madam Talabijin."

Bayan 'yan shekaru, wata Asabar da hantsi, wata farar mota mai sanyi ta tsaya daidai ƙofar kantin magani. Kyauta take ɗaukar maza zuwa wani babban otal a bakin teku, da abincin rana. Dokar ta bar wa irin waɗannan otal damar buɗe gidan caca da lasisi. Lumturi ba ta taɓa jin wannan ba. A Asabar ta uku, Astrit ya sa wankakkiyar riga ya ce zai je ganin teku.

Ta rufe shago ranar Litinin, abin da ba ta yi ko ranar Bajram, wato Sallah, ta hau motar Tirana. Ofishin Bujar ya koma wani dogon bene. A bangonsa ta ga hoton otal ɗin, ga Bujar a tsakiya yana yanka kintinkiri.

"Teta! Da kin kira ai da na aiko mota."

"Na ga motar da kake aikowa."

Ya ja mata kujera, ta ƙi zama. Ya ce wannan daban ne, akwai lasisi, ana biyan haraji, ba a barin yara su shiga.

"Astrit yaro ne? Tambaya ɗaya na zo da ita, Bujar. Motocin da suka kai mu majalisa, wa ya biya?"

Ya gyara takardun da ba su karkace ba.

"Masu otal ɗin, ko?" in ji ta.

"Teta, su ma suna son a rufe ƙananan wuraren. Buƙatarmu ta zo ɗaya, shi ke nan."

"Kana sane ka tsayar da ni na tona asirin mijina, don ka share musu kasuwa."

"An dai rufe na unguwa, ba ƙarya na yi miki ba."

Ta daɗe tana kallon fuskarsa, tana neman yaron da ta goya. Sannan ta juya ta sauka ta matakala, don ba ta san yadda ake kiran na'urar hawa ba.

Har yanzu tana shagon. Da matan unguwa suka zo su sake haɗa gangami a kan farar motar, ta ba su burek kyauta ta ce su je, ita ta gama magana. Astrit wata Asabar ya tafi, wata ya zauna. In ya zauna ba ta gode masa, in ya tafi ba ta tambaya. Bujar ya zo sau ɗaya da kwalin alewa. Ta dafa masa kofi a ƙaramin kofin da take ba baƙi, ta tambaye shi hanya da lafiyar iyali, ya sha ya tafi.