Yaran Aro a Aji Uku

Shekarar da aka kwashe sojoji da yawa daga barikin Shadawanka, ajina ya zama kango. Ni ce malamar aji uku a wata 'yar firamare da ke bayan barikin. 'Ya'yan sojoji, Musulmi da Kirista, duk suka bi iyayensu. 'Yan tiredar bakin bariki suka mayar da nasu makarantar kuɗi. Aka bar ni da yara tara, yawancinsu 'ya'yan Fulanin da suka zauna a gefen gari. Rajista cike da suna, benci ba kowa.

Sai ga takarda: mai duba makarantu zai zo ƙirga, in yara sun yi kaɗan a rufe, a haɗe mu da wata a cikin gari. Hankalina ya tashi. Da ƙyar da magiya iyayen nan suka ba ni 'ya'yansu, kuma ba mai barin 'yarsa ta tsallaka manyan tituna saboda boko.

Hedimasta ya kira ni ofis. "Malama, ki nemo yara, ko na aro ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, tabarmi ne su da za a aro?"

Bakina ne kawai, wallahi sai da na aro. Na bi gidajen maƙwabtana a Fadaman Mada, na ciko keke napep uku da yaran da Islamiyya kaɗai suke zuwa. Na cusa su tsakanin nawa, na ce kowa ya kama bakinsa. Gumi nake yi har alli na jiƙewa a hannuna.

Wajen ƙarfe goma mutumin ya shigo, dattijo da biro a aljihu. Kafin in motsa, monitar ajina ta buga tebur sau uku. Zumbur nawa suka miƙe, suka rera gaisuwar baƙo da Turanci iya ƙarfinsu, ƙirji a gaba. Na aro kuwa suna zaune, sun saki baki suna kallonsu.

Innalillahi!

Bai ko buɗe rajistar ba. Ya ƙirga na tsaye da bakin biro, ya rubuta, ya ce a hankali, "Malama, mayar da yaran mutane gida."

Yana fita monita ta juyo tana murmushi. "Malama, mun iya?"

Wata biyu na yi ina koya musu gaisuwar nan. Na ce mata sun iya. Ƙarshen zangon aka sa wa makarantar kwaɗo, kuma cikin taran nan biyu ne kawai suka ci gaba da karatu.