Sada Mai Rijiya da Dutsen Ƙarƙashin Teku

Mafi yawan rijiyoyin Dudunni da ƙauyukan kewayenta Sada ne ya haƙa su. Tun yana saurayi ya koyi sana'ar a wajen kawunsa. Mutum ne siriri, marar yawan magana, kuma ya san yadda ƙasar take a jere: jar ƙasa a sama, sai marmara, sai ruɓaɓɓen dutse mai ƙyalli da ke marmashewa a hannu, inda ruwa ke tsattsafowa. Ƙarƙashin wannan kuwa dutse ne mai tauri, wanda diga ke sara ta yi tartsatsi ta dawo.

Nan kowa ke cewa aiki ya ƙare. Shi kuwa Sada sai ya zauna a gindin ramin, sama ta koma kamar faifai bisa kansa, ya dafa dutsen yana jin sanyinsa, yana tunanin ina ya tsaya, kuma me ke ɗauke da shi. Masu jawo ƙasa da guga su yi ta kiransa kafin ya amsa.

'Yarsa Adawiyya ce ta ɗauko wannan hali. Da ta shiga jami'a, ilimin duwatsu ta zaɓa. Wani hutun kaka ta zo masa da baƙin dutse kamar dunƙulen hannu, daga wata tafiyar karatu da suka yi. Ya auna shi a tafi, ya ji ya fi na gida nauyi.

"Baba, irin wannan ne shimfiɗe a ƙarƙashin teku," in ji ta. "Namu na nan tsoho ne, ga kauri, amma bai kai wannan nauyi ba, shi ya sa ya taso sama muke zaune a kansa. Na teku yaro ne. Ƙasa ke tsagewa can ƙarƙashin ruwa, ya fito a narke, ya daskare."

"Har yanzu fitowa yake?"

"Har gobe. Ko a Bahar Maliya haka ne. Ƙasarmu da ta Larabawa rabuwa suke a hankali, abin da bai wuce gaɓar yatsa ba a shekara."

Sada ya sake juya dutsen a tafinsa. Matarsa Sa'a, da ke tankaɗe a gefe, ta ce, "Kin ƙara mashi abin zama cikin rami."

Haka kuwa aka yi. Daga ranar, in ya kai dutse sai ya ji kamar a cikin kwalekwale yake, garin duka da rumbunansa da shanunsa suna tafiya a hankali, ba wanda ya sani.

Shekaru suka ja. Masu injin burtsatse suka shigo, gwiwoyinsa kuma suka fara ciwo, ya rataye diga. Da 'ya'yansa suka haɗu suka kai shi aikin hajji, Allah ya sa kujerarsa a jirgin sama ta faɗo jikin taga. Kusa da shi Ummaru ne, wani makiyayi daga Kaikai, ya runtse ido yana jan carbi tun tashinsu daga Katsina.

Da hantsi rairayi ya ƙare a ƙasa, shuɗin Bahar Maliya ya buɗe kamar an shanya sabon rini. Sada ya manna goshi a gilashi. Bai ga tsaga ba, bai ga wuta ba, ruwa ne kawai kwance lum. Amma zuciyarsa ta yi ta sauka, gaba bayan gaba, kamar yadda ya saba sauka da igiya, har inda haske ba ya kai, inda sabon dutse ke fitowa ja yana hucewa.

"Malam Ummaru, buɗe ido ka ga inda ake haihuwar ƙasa."

"Mun sauka?"

"A'a, muna bisa ruwa."

Ummaru ya ƙara runtse ido. Sada ya yi murmushi, ya yi ta tasbihi a hankali har gaɓar Jidda ta bayyana.

Yanzu Alhaji Sada yana zama a inuwar dalbejiyar ƙofar gidansa. Mai son haƙa rijiya yakan zo ya ɗauke shi a babur, ya zaga fili da sandarsa ya nuna wuri. In an fara haƙa ba ya tafiya. Tabarma yake sa a shimfiɗa masa a bakin ramin, duk gugan ƙasar da ya fito ya ɗebi kaɗan ya murza a yatsu.